Ɗan Hakin Da Ka Raina: Ƙananan Dangin Ƙaguwa Da Halayensu

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ban gane zurfin wannan karin magana ba sai a wani hutu da na yi a gida Minna, ranar da kakata ta sa ni in ɗaga mata randa domin a share ƙarƙashinta. Ina ɗagawa sai ga wasu 'yan halittu masu ruwan toka, kowanne bai kai ƙwayar wake ba, sun watse suna neman mafaka. Wasu suka ruga, wasu kuwa suka dunƙule kamar bushiya. Na ce, "Kaka, mene ne sunan waɗannan?" Ta ce, "Kai maigida, ƙwari ne mana. Share ka zubar, ka rabu da ni da tambaya."

Ƙanena da ke aji biyu na sakandare ya kama ɗaya, ya kwantar da shi rigingine, ya ƙirga ƙafafunsa, ya samu 14. Nan take ya ce ai wannan ba ƙwaro ba ne, domin malaminsu ya ce ƙwaro ƙafa shida gare shi. Gardamar da ta biyo baya ita ce ta kai ni wurin wani abokina da ke nazarin halittu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Abin da na koya a wurinsa, da wanda na karanta daga baya, shi nake son in ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai, domin na gano cewa a cikin lamarin akwai aikin da ke jiran ɗalibin harshe.

Su Wane Ne Dangin Ƙaguwa?

A wurin Bahaushe kalmar "ƙwaro" tana da faɗi ƙwarai. Kunama ƙwaro ce, kyankyaso ƙwaro ne, shanshani ma haka, har mutum idan ya gwanance a wani abu sai ka ji an ce wane ƙwaro ne a lissafi. Masana halittu kuwa sun rarrabe. Masu ƙafa shida, irin su fara da ƙuda da tururuwa, rukuninsu daban. Masu ƙafa takwas, irin su gizo-gizo da kunama da kaska, su ma daban. Sai kuma wani babban rukuni na masu ɓawo a jiki, waɗanda akasarinsu a ruwa suke rayuwa, suna da eriya huɗu a ka maimakon biyu, kuma suna numfashi da wasu gaɓoɓi irin na kifi. Fitattu a cikinsu su ne ƙaguwa da jatan lande, wato wanda ake shanyawa a kawo daga gaɓar teku ta kudu, muke sayensa a kasuwannin Minna da sunan kirefish. Wannan rukuni shi zan riƙa kira dangin ƙaguwa.

Manyan dangin kowa ya san su, tun da ana cin su. Ƙananan ne ba mu damu da su ba, alhali sun fi yawa nesa ba kusa ba. Uku daga cikinsu zan yi magana a kai: aisofod da amfifod da kofifod. Dukkan sunayen nan daga harshen Girkanci aka gina su, kuma duk sun ƙare da kalmar da ke nufin ƙafa. Aisofod na nufin mai ƙafafu iri ɗaya, amfifod mai ƙafafu iri biyu, kofifod kuwa mai ƙafafu kamar filafilin tuƙa kwalekwale. Mafi yawansu a teku suke, mu kuwa tsakaninmu da teku akwai ɗaruruwan kilomitoci, amma duk da haka wasunsu suna nan tare da mu, a cikin gidajenmu da kududdufanmu.

Baƙon Ƙarƙashin Randa

Abin da muka gani a ƙarƙashin randar Kaka aisofod ne. An san nau'o'insa kimanin 10,000 a duniya, kuma wani kaso daga cikinsu ya bar ruwa ya koma zaman tudu. Sai dai barin ruwan bai cika ba. Gaɓoɓin numfashinsa suna ƙasan ciki ta wajen baya, kuma dole su kasance da laima kafin su yi aiki. Haka kuma ɓawonsa ba shi da irin kakin da ke hana jikin kyankyaso bushewa. Saboda haka rayuwarsa duka neman laima ce: ƙarƙashin randa, ƙarƙashin dutse, cikin ruɓaɓɓen ganye, gindin bangon banɗaki. Da dare yake fita kiwo, abincinsa kuwa matattun ganyaye da ruɓaɓɓen itace. Ba ya cizo, ba ya harbi. Hasali ma taki yake yi wa ƙasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake samun wurin laima. Ni a zatona hango wurin yake yi ya nufe shi. Abokina ya ce ba haka ba ne, ya kuma sa ni na gwada da kaina. Na sami faranti mai faɗi, na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a rabi, busasshe a ɗaya rabin, na zuba su a tsakiya na rufe. Da na buɗe bayan ɗan lokaci sai na tarar kusan dukkansu sun taru a ɓangaren laima. Sirrin shi ne, idan iska ta bushe sai ƙafarsa ta ƙi zama, ya yi ta tafiya da sauri ba tare da ya nufi ko'ina ba. Da zarar ya faɗa wuri mai laima sai ya rage sauri, har ya tsaya cik. Wato bai san inda laima take ba, zama ne kawai ba ya iya yi a inda babu ita. Wani masani a Ingila mai suna Gunn ya bayyana wannan hali tun a shekarar 1937, kuma har yau da wannan gwaji ake koya wa ɗalibai halayyar dabbobi a ƙasashe da dama.

Akwai wasu halayen nasa guda biyu da suka cancanci ambato. Na farko, idan zai yi saɓa ba ya tuɓe ɓawon gaba ɗaya kamar yadda maciji ke yi. Rabin baya yake fara cirewa, sai bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki ya cire na gaba. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ɗaya mai launi biyu. Na biyu, macen ba ta zubar da ƙwai a ƙasa. Tana da wata 'yar jaka mai ruwa a ƙirjinta, a ciki ƙwan ke zama har su ƙyanƙyashe, kamar dai ta ɗauko ɗan guntun teku ta goya. 'Ya'yan kan fito da ƙafa 12, sai daga baya biyun ƙarshe su tsiro.

'Yan'uwansa Na Hamada Da Na Teku

A hamadar Afirka ta Arewa da Gabas ta Tsakiya akwai wani aisofod da ake kira Hemilepistus, wanda wani Bajamushe mai suna Linsenmair ya daɗe yana nazari. Shi wannan zaman aure yake yi, namiji ɗaya mace ɗaya. Suna haƙa rami mai zurfi inda laima ke saura, ɗaya ya tsare ƙofa ɗaya ya fita neman abinci. Kowane gida yana da ƙanshinsa, kuma mai gadi sai ya shafa mai shigowa da eriya ya tabbatar ɗan gida ne kafin ya ba shi hanya. Baƙo kuwa korarsa ake yi.

A teku abin ya fi haka ban al'ajabi. Akwai ƙaton aisofod na ƙarƙashin teku mai suna Bathynomus, wanda tsawonsa kan haura santimita 30. Mushen kifi da ya nutse yake ci, kuma da yake mushe ba kullum yake faɗowa ba, Allah Ya hore masa jure yunwa. Wani da aka ajiye a gidan kallon halittun ruwa na garin Toba a ƙasar Jafan ya daina cin abinci a watan Janairun 2009, bai sake ci ba har ya mutu a watan Fabrairun 2014, wato sama da shekara biyar. Akwai kuma wani mai suna Cymothoa da ke shiga bakin kifi ta wurin numfashinsa, ya maƙale a harshe yana shan jini har harshen ya shanye, sa'an nan shi ya zauna a gurbin harshen, kifin kuma ya ci gaba da rayuwa da shi a baki. Wasu ƙanana kuma katako suke ci, suna huda ginshiƙan tashoshin jiragen ruwa kamar yadda gara ke cin azara.

Amfifod Mai Duban Rana

Bambancin aisofod da amfifod a siffa mai sauƙi ne. Aisofod kamar an danne shi ne daga sama, ya yi faɗi. Amfifod kuwa kamar an matse shi daga gefe da gefe, ya lanƙwashe, shi ya sa yakan yi iyo a kaikaice. Shi ma nau'o'insa sun kai kimanin 10,000. Ana samunsa tun daga yashin bakin teku har zuwa Ramin Mariyana da ke tekun Fasifik, inda zurfin ruwa ya haura mita 10,000.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne mai tsalle na bakin teku. Wurin zamansa jiƙaƙƙen yashi ne, kuma idan iska ko igiyar ruwa ta jefa shi kan busasshen yashi dole ya koma da sauri, in ba haka ba ya bushe. A shekarar 1953 wasu masana biyu 'yan Italiya, Pardi da Papi, suka nuna cewa da rana yake gane hanya. Ya san kusurwar da zai bi tsakaninsa da rana, kuma yana da agogo a jikinsa da ke gyara masa lissafi yayin da rana ke tafiya daga hantsi zuwa la'asar. Da aka ɗauki na gaɓar yamma ta Italiya aka kai su gaɓar gabas, sai suka ci gaba da nufar yamma kamar yadda suka saba a gida, alhali teku tana bayansu. Ka ga ke nan aisofod na ƙarƙashin randa da wannan amfifod matsalarsu ɗaya ce, wato gudun bushewa, amma kowa da dabararsa: ɗaya yawo yake yi har ya dace, ɗaya kuwa lissafi yake yi.

Mai Ido Ɗaya Da Cutar Kurkunu

Yanzu sai mu dawo gida, ga wanda ya fi kowa ƙanƙanta kuma ya fi kowa shafar mu. Wata rana da damina abokina ya ɗebo ruwan wani kududdufi a wajen Chanchaga cikin kwalba, ya ɗaga ta saitin haske, ya ce in duba da kyau. Da farko ban ga komai ba. Can sai na lura da wasu fararen ɗige-ɗige suna zillo a cikin ruwan, su yi tsalle su tsaya, su sake yin tsalle. Ya ce wannan shi ne saikulof, ɗaya daga cikin kofifod na ruwan daɗi. Tsawonsa milimita ɗaya ne zuwa biyu. Ido ɗaya gare shi a tsakiyar goshi, shi ya sa aka ba shi sunan wani dodo mai ido ɗaya na tatsuniyar Girkawa. Macen takan rataya jakar ƙwai biyu a ƙugu, dama da hagu. Idan kududdufi ya ƙafe da rani, wasu daga cikinsu kan kwanta a cikin laka kamar matattu, da ruwan farko ya sauka sai su farfaɗo.

Da na koma gida na ba Kaka labari, sai ta ɗage zane ta nuna mini tabo biyu a idon sawunta. Ta ce kurkunu ne ya fito mata tun tana budurwa a ƙauyensu na ƙasar Paiko, ya kwantar da ita wata biyu, ana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya. Ta ce a lokacin wasu cewa suke yi a jini yake, wasu su ce taka shi ake yi, wasu kuma su ce jifa ne. Babu wanda ya zargi ruwan da ake sha.

Ga yadda abin yake. Macen kurkunu, wadda tsawonta kan kusa mita ɗaya, takan tayar da bororo mai zafi kamar wuta, galibi a ƙafa. Mai ciwon sai ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, ita kuwa da ta ji ruwa sai ta saki dubban ɗaruruwan 'ya'ya. 'Ya'yan nan ba su iya kama mutum kai tsaye, kuma cikin 'yan kwanaki za su mutu idan ba su sami masauki ba. To, saikulof maharbi ne, duk abin da ya gani yana motsi kai masa cafka yake yi. Sai ya haɗiye 'yar tsutsar a matsayin abinci, ita kuwa ta huda hanjinsa ta zauna a jikinsa, cikin mako biyu ta girma ta isa kama mutum. Idan mutum ya sha ruwan, saikulof ya narke a cikinsa, tsutsa ta kuɓuta. Bayan kimanin shekara guda sai ta fito a ƙafa, zance ya koma farko.

Wani ɗan Rasha mai suna Fedchenko ne ya fara gano wannan alaƙa a wajajen 1870 a tsakiyar Asiya, sa'an nan Leiper ya ƙara tabbatar da ita a Ankara ta ƙasar Gana a 1905. A nan gida Nijeriya, Sanya Onabamiro na Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya yi nazarin saikulof na tafkunan ƙauyuka a shekarun 1950. Daga cikin abin da nazarin ya nuna akwai cewa waɗanda ke ɗauke da tsutsar kasala kan kama su, su fi zama a ƙasan ruwa. Ke nan idan tafki ya ja baya, aka koma kwalfar na ƙasa da ƙwarya, haɗarin ƙaruwa yake yi.

Kurkunu ba shi da maganin sha, ba shi da allurar rigakafi. Abin da aka yaƙe shi da shi sanin halin saikulof ne. Tun da yana da girman da tsumma zai iya tarewa, sai aka raba matata ta nailan, aka koya wa mutane tace ruwa. Tun da ruwa mai kwanciya yake so, sai aka haƙa rijiyoyin burtsatse. Aka riƙa zuba maganin Abate a tafkuna, aka kuma hana mai kurkunu shiga ruwan sha. A ƙidayar farko ta ƙasa da aka fara a 1988 an sami mutum sama da 650,000 da cutar a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya, kuma Jihar Neja na cikin jihohin da ta addaba. Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta tsaya tsayin daka, Janar Yakubu Gowon ma ya yi ta zagaya ƙauyuka yana jan hankalin gwamnoni da sarakuna. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya an same shi a Jihar Inugu a watan Nuwamban 2008, kuma a watan Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Jamhuriyar Nijar sun rabu da cutar. A duniya baki ɗaya an ƙiyasta masu ita miliyan 3.5 a 1986, amma a 2023 mutum 14 kaɗai aka samu. Sai dai tun daga 2012 aka lura tana kama karnuka a ƙasar Cadi, maƙwabciyarmu, don haka bai kamata a saki jiki ba.

Kada mai karatu ya ɗauka saikulof mugu ne. Shi ma cutarsa tsutsar ke yi. Shi ne abincin ƙananan kifayen tafkin Shiroro da na Kainji, kuma a ƙasar Biyetnam an yi amfani da wani nau'insa a cikin randuna da tankuna domin ya cinye tsutsar sauro.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Bahaushe ya raɗa wa tsutsar suna tun kaka da kakanni, domin yana ganinta, amma dillalin da ke kawo ta ya ɓuya masa a cikin ƙwaryar ruwa. A ganina abin da ba a ba shi suna ba yana da wuya a kiyaye shi. Ka ɗauka kai ne aka ba aikin fassara saƙon faɗakarwa. Idan ka ce "ƙwayoyin cuta", mai sauraro zai ce abin da ido ba ya gani yaya tsumma zai tare shi? Idan ka ce "tsutsa", zai leƙa ruwan, bai ga tsutsa ba, ya ɗaga ya sha. Zaɓen kalma a nan zancen lafiyar mutane ne.

Hanyoyi uku ne a gabanmu, kamar yadda aka koya mana a darasin ƙirar kalma. Ta farko aro, kamar yadda na yi da aisofod da saikulof. Tana da sauƙi, amma ba ta gaya wa Kaka komai. Ta biyu fassarar ma'ana, misali a ce "ƙumar ruwa", wadda ta dace da tsallensa, sai dai tana iya sa a zaci yana cizo. Ta uku ƙirƙira ta hanyar harɗantawa, irin wadda ta ba mu "faɗi-ka-mutu" da "kwana-rawa". A nan ina iya ba da shawarar "dillalin-kurkunu" ko "mai-ido-ɗaya" ga saikulof, da "sha-laima" ga baƙon ƙarƙashin randa. Shawara ce kawai, masu magana da harshen su ke da ikon karɓa ko watsarwa.

Amma kafin ƙirƙira akwai tattarawa. Ya kamata mu duba ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, sa'an nan mu fita mu tambayi Sarkawa da sauran masunta, da masu haƙar rijiya, da 'yan lambu, da tsofaffin mata. Mu da ke Jihar Neja muna da ƙarin dama, domin muna zaune da Nufawa, waɗanda kowa ya san su da sanin ruwa, da kuma Gwarawa manoma. Sunan da wani tsoho ya riƙe a bakin kogi ya fi goma da za mu ƙago a aji.

Kammalawa

A taƙaice mun ga cewa abin da muke kira ƙwaro mu share mu zubar yana iya zama ɗan'uwan ƙaguwa mai tsararrun halaye, kuma sanin halin mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ya raba ƙasarmu da cutar da ta daɗe tana kwantar da manoma. Wani abin sha'awa shi ne binciken ƙwayoyin gado na baya-bayan nan ya nuna cewa su kansu ƙwari masu ƙafa shida reshe ne daga zuri'ar dangin ƙaguwa. Da na gaya wa Kaka haka sai ta yi dariya ta ce, "To maigida, ba na faɗa maka ba tun farko?" Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya je hutu ya ɗaga randar gidansu, ya tambayi manya sunan abin da ya gani, ya rubuto wa wannan mujalla tare da sunan garin da ya ji shi. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.